Kafin Suna

Ba wanda ya faɗa mini.
An ba ni labarin naƙuda, an ba ni na ruwan zafi,
da kunun kanwa, da ganyen bedi,
amma ba wanda ya ce bakin da ba haƙori
yana yanka kamar reza.

Kwana uku da barin materniti.
Kuran ya ɗauke tun magariba,
fanka ta tsaya, Geben Zogi ya koma tanda.
Ke kuma, baƙuwa marar suna tukuna,
kina juya kai kina lalube
kamar mai neman ashana cikin duhu.

Na dama ya tsage.
Na hagu ya sanƙare, ya yi taurin goriba,
ya cika fam, ya ƙi zuba.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
In kin kama, yatsun ƙafata su naɗe,
in ciji bakin zane, in ƙirga azarar ɗaki.
Sha ɗaya ce. In sake. Sha ɗaya ce.

Da hantsi Inna Tsahara ta zo da ludayi,
ta tatsi kaɗan, ta jefa tururuwa ciki,
mata huɗu suka duƙa suna kallo
kamar ana shari'ata.
Tururuwa ta yi iyo, ta hau baki, ta kama gabanta.
Inna ta ce, "To, nono dai lahiya lau,
uwar ce raguwa."
Aka yi dariya. Ni ma na yi.
Akuyar Habsu na bakin zaure,
an riga an yi mata magana.

Babanki ya aiko murya daga Abijan,
ƙarar motoci na cinye rabin zancen:
kuɗin rago sun iso? Tana sha?
In sayo gwangwanin madara ne?
Na danna, na ce komai ƙalau.
Na goge. Na sake danna.
Na ce komai ƙalau.

Ran Laraba sai ga Madan Zuwera ungozoma,
ta sauko daga kabu-kabu da ledar albasa,
wai barka kawai ta biyo yi.
Ta dubi rigata, ta dubi idona,
ta ce kowa ya ba mu wuri.
"Mi kike ɓoyo, Rakiyatu?"
Sai na kasa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta wanke hannu,
ta sa tsumma mai ɗumi, ta matsa a hankali
har dutsen ya fara kuka.
Ta juyo ki, cikinki a cikina,
ta ce jira, bar ta ta wage baki kamar mai hamma,
kada ki ba ta tsini, ba ta har baƙin,
haɓarta ta taɓa ki.
Ke za ki kawo ta, ba ke za ki bi ta ba.
In ta gama, shafa ɗigo a tsagar, ki sha iska.
Ruwa fa? Zafin nan?
Ta ce ruwanta na jikinki.

Sai na ji shi.
Ƙut. Ƙut. Ƙut.
Ƙaramin sauti, ƙasa da tafiyar ƙadangare a kan kwano,
amma ya fi mini kiran sunana daɗi.

Ba zan yi ƙarya ba, da sauran zafi.
Tsaga ba ta haɗewa don an yi mata magana.
Inna ta ce da ma ita ta san haka.
Akuyar Habsu ta koma gida.

Gobe suna.
Rago na kuka a turke, ana daka a tsakar gida,
kowa na da sunan da yake so a ba ki.
Ni dai daren nan na fara ƙirga azara,
na kai huɗu,
na manta inda na tsaya.